Ayaba a Gonar Masu Shinkafa

Damri, 6 ga Mayu

Zuwa ga Gwaggo Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da ɗalibanki na can garin Lafiya. Mu nan kowa lafiya lau, sai zafi. Baba yana gaishe ki. Ƙafar tasa ta yi sauƙi, har ya koma zuwa gona da sanda. Matata Ummulkhairi ma tana gaishe ki, ta ce daddawar da kika aiko ta kusa ƙarewa, wai kada in rubuta haka. Ga shi na rubuta.

Gwaggo, magana ce da ni. Kin tuna tsirin gonarmu, ɗan siririn filin nan na bakin kanal da ke kawo ruwan dam, wanda marigayiya Kaka ta dasa ayaba a kusurwarsa? Ayabar tana nan, ta zama kurmi, ba mai kula ta. Shekara biyu ina roƙon Baba ya ba ni tsirin nan in mayar da shi gonar ayaba, domin duk ayabar da ake sayarwa a kasuwar Talata daga kudu ake kawo ta, kafin ta iso ta gaji. Jiya ya amsa, amma da sharaɗi. Ya ce: "Daga yanzu zuwa dashen shinkafa na baɗi. In na ga abin kirki, wurin naka na. In ban gani ba, garma ta bi ta kai, kai kau ka dawo cikin laka awa kowa."

Kin san tun tasowata shinkafa na sani. Sa'o'ina duk sun tafi cin rani, ni ina son in zauna gida da abin da zan ce nawa ne. Ke ce malamar aikin gona a zuriyarmu. Ki koya mini. Hamidu direban motar albasa zai kawo miki wannan, shi zai dawo mini da amsa.

Ɗanki,
Sharhabilu

*

Lafiya, 15 ga Mayu

Ɗana Sharhabilu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, kuma na karanta ta sau uku don daɗi. Ka gaishe mini da Yaya Sallau, ka ce masa ya daina shiga ruwa da ƙafar nan. Ga daddawa a ƙullin baƙar leda, ka ce wa Ummulkhairi kunya ba ta cika tukunya.

Kada sharaɗin babanka ya dame ka. Tun muna yara, in aka ce masa tuwo da zafi sai ya sa yatsa. Ba ya jin magana, amma yana ganin abu. Saboda haka gonar za mu sa ta yi masa magana.

Zan riƙa rubuto maka a takarda, domin wayarku ta Damri sai an hau tudu, kuma maganar waya iska ce. Takarda kuwa kana iya komawa kanta.

Abu biyu ke raba ayaba da ayaba: iri da riƙo. Mutane sukan yi ta gardama a kan wanne ya fi, mu gwadawa za mu yi. Na ba Hamidu 'ya'yan ayaba ashirin daga lambun makarantarmu. Muna ce mata gajeriya. Ba ta wuce tsayin mutum da hannu a ɗage, amma nononta, wato dunƙulen 'ya'yan da take fitarwa, sai ƙato ya ɗauka. Kai kuma ka shiga kurmin Kaka ka ciro ashirin na 'yar gida. Ka zaɓi masu siririn ganye kamar tsinin mashi da kaurin gindi. Masu faffaɗan ganye tun suna ƙanana ka bar su, ragwaye ne, ado kawai suka iya. Ka fere saiwoyin da wuƙa, ka shafe da toka.

Sai ka raba tsirin gida huɗu, goma-goma. Gida biyu, ɗaya gajeriya ɗaya 'yar gida, ka dasa su yadda Kaka take yi: kusa da kusa, a tona a tura a bar wa Allah. Sauran biyun, su ma ɗaya gajeriya ɗaya 'yar gida, ka yi musu sabon riƙo. Tsakanin rami da rami taku uku manya. Kowane rami zurfin gwiwa, ka cika rabinsa da ruɓaɓɓen takin shanu gauraye da ƙasar sama. Bayan dashe ka lulluɓe gindin da karan shinkafa, wanda kuke ƙonawa a banza.

Idan suka fara fitar da 'ya'ya a gindi, a gidajen sabon riƙo uku kawai za ka bari: uwa, 'ya, da jika. Sauran ka sare. Zai yi maka ciwo, amma tukunya ɗaya ba ta ƙosar da mutum goma.

Sannan ruwa. Ayaba 'yar ruwa ce, dubi faɗin ganyenta ka gani. Kada ka bari ta ji ƙishi. Wannan kam, kai ɗan yankin dam ɗin Bakolori, ba sai na koya maka ba.

Allah ya sa albarka. Ka riƙa rubuto mini duk abin da idonka ya gani, har wanda kake ganin ba shi da amfani.

Gwaggonka,
Turai

*

Damri, 20 ga Agusta

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, damina ta yi kyau, shinkafar Baba ta rufe ƙasa. Ummulkhairi tana ɗan fama da kasala da safe, mata sun ce alheri ne. Ki sa mu a addu'a.

Duk arba'in ɗin sun kama. Gwaggo, bambancin har ya fara fitowa. Na sabon riƙo gindinsu ya kai cinyata, ganyensu kore shar har da duhu. Na tsohon riƙo sun yi tsawo amma sirara, kowace tana miƙa wuya tana neman rana. Gajeriyar da na dasa a tsohon riƙo ita ta fi ba ni tausayi, kamar baƙuwar da aka saukar ba a ba ta tabarma ba.

Ranar Lahadi na yi saran 'ya'yan da kika ce. Ina cikin yi Baba ya zo ya tsaya a kan iyaka, ya dogara sandarsa. Ya ce: "Kai, wane irin noma na wanga, mutum shi kashe ɗiyan abin da ya dasa?" Na ce Gwaggo ce ta ce. Ya ce: "Turai ko? Wadda ta yi kuka ranar da anka yanka zakaranta?" Da gaske ne, Gwaggo?

Yanzu mutane in sun taso daga gona sai sun biyo ta bakin kanal sun leƙa. Wani ya ce na yi wa ayaba fili kamar masallacin Idi. Ina dariya kawai.

Ɗanki,
Sharhabilu

*

Damri, 18 ga Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na samu 'yar takardarki ta watan jiya, na gode da addu'a. Zancen zakara da kika ce ƙarya ne, Baba ya ce yana da shaidu. Mun yi girbi lafiya. Ummulkhairi ta samu ƙarfi, yanzu ci take kamar gara.

Ruwan sama ya ɗauke tun tsakiyar Oktoba, na koma ban ruwa daga kanal. Na riƙe maganarki cewa kada ayaba ta ji ƙishi. Na ja wa kowane gida kunya ta zagaye shi, na yi fangali sosai irin na shinkafa, ina cika shi har idon sawu duk bayan kwana uku. Kin san ƙasar wurin laka ce, tana riƙe ruwa, kafin ya tsotse na sake cikawa.

Wani abin farin ciki: wannan ne karo na farko da Baba ya yaba. Ya ce yanzu na fara noma irin na mutane. Har ya karɓi fartanya ya nuna mini inda kunyar ta yi ƙasa, ya ce in ƙara mata tudu.

Abu ɗaya na lura. Ganyen ƙasa na gajeriya ya fara yin ɗorawa yana langaɓewa, sabon ganye kuma yana jinkirin buɗewa. Na ce ƙila ruwan ne bai ishe ta ba, tun da ke kika ce ayaba 'yar ruwa ce. Saboda haka daga makon nan ita kwana biyu-biyu zan riƙa ba ta.

Ɗanki,
Sharhabilu

*

Lafiya, 21 ga Disamba

Sharhabilu,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, kowa lafiya. Kafin ka gama karanta wannan, ɗauki fartanya.

Yau takardarka ta Nuwamba ta iso hannuna. Hamidu ya samu lodi zuwa Illela, ya yi wata guda yana kai da kawowa can, takardar tana kwance a gaban mota. Na kira lambarka har yatsana ya gaji, ba ta shiga. Wannan ta tasha na aiko ta, hannun wani direban Gusau, Allah ya sa ta riga ɓarna.

Ka fasa kunyoyin nan yau. Ka bar ruwan ya fice duka. Ayabarka ba ƙishi take ji ba, shaƙewa take yi. Saiwarta tana numfashi kamar ni da kai, in ruwa ya kwana a kanta sai ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa ya langaɓe, daidai kamar na mai jin ƙishi. Shi ya sa ka ruɗe. Shinkafa wanka take so, ayaba sha take so.

Laifin nan nawa ne, ba naka ba. Shekara goma sha tara ina gaya wa ɗalibai kada su ɗauka mai sauraro ya san abin da ke cikin kansu, sai ga ni na ce wa ɗan manomin shinkafa ya ba da ruwa, ban faɗa masa yaya ba. Me kuwa zai yi in ba fangali ba? Da ka yi wani abu dabam ma da na yi mamaki.

Ga yadda za ka yi. Tsakanin layi da layi ka haƙa lambatu mai zurfin gwiwa, bakinsa ya fita zuwa gangare. Ƙasar da ka haƙo ka tara ta a gindin ayabar. Ka janye karan shinkafar da ya jiƙe ya sha iska. Kada ka ba da ruwa sai ƙasa ta sha. Daga nan ruwa ya riƙa bi ta lambatu yana wucewa, kada ya kwana. In kana shakka, tona kamu ɗaya ka damƙi ƙasa. In ta dunƙule ba ta ɗiga, ta ƙoshi. In ta warwatse, ba ta ruwa. In ta ɗiga, ka koma gida ka sha fura.

Ka tone wadda ta fi jin jiki ka duba saiwar. Fara mai ƙarfi tana da rai, baƙa mai wari ta tafi. Ka rubuto mini gaskiyar abin da ya rage, kada ka rage mini zafi.

Gwaggonka,
Turai

*

Damri, 12 ga Janairu

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sanyi ya sauka sosai. Takardarki ta iso ranar Talata da la'asar, ban ko zauna ba na nufi gona.

Ina fasa kunya ta farko ruwa ya ɓalle, sai ga Baba da saurinsa, har ya manta da sanda. Ya ce: "Sharhabilu, lafiyarka? Ruwan da munka bi layi munka samu shi kaka zubarwa?" Na je na kama gajeriya ɗaya na ja, sai ta taso a hannuna kamar ba a taɓa dasa ta ba. Saiwar baƙa ƙirin, warin kuwa kamar na tsohuwar rijiya. Na miƙa masa. Ya shinshina, ya juya ta, ya jefar. Ya daɗe yana kallon tudun da ya sa ni na ƙara. Sannan ya juya gida.

Ga abin da ya rage. Gajeriya bakwai sun mutu, huɗu a tsohon riƙo, uku a sabo. 'Yar gida biyu kawai. Ita ayabar Kaka ashe ta san halin lakar nan, ta yi ta haƙuri da wautata. Sauran sun tsaya cak kusan mako biyu, ni ma na tsaya cak, abinci ba ya shiga. Shekaranjiya na ga sabon ganye ya murɗo a kan guda biyar. Na kira Ummulkhairi da cikinta ta zo ta gani, ta ce ko ranar aurenmu ban washe baki haka ba.

Kada ki ɗora wa kanki, Gwaggo. Ina ganin ganye yana canzawa, maimakon in tona in duba sai na ƙara abin da na saba. Abin da ke damuna lokaci ne. Mun yi asarar kusan wata biyu, dashen shinkafa kuwa ba ya jiran kowa.

Ɗanki,
Sharhabilu

*

Lafiya, 10 ga Maris

Ɗana,

Salamu alaikum. Barka da arziki! Allah ya raya Amira, ya ba mai jego lafiya. Ga atamfa da 'yan kayan jariri wurin Hamidu, wanda yanzu na sa shi rantsuwa ba zai sake kwana da takardata ba.

Na ji daɗin labarin da ya kawo cewa wasu sun fara fitar da kai. Talatin da ɗaya masu rai gona ce, ɗana. Daga fitar kai zuwa yanka wata uku ne ko da 'yan kwanaki, ka ga za ka riga dashe, ko da da ƙyar.

Yanzu abokan gabarka biyu ne, rana da iska. Idan 'ya'yan suka gama jeruwa, jan kan nan da ke reto a ƙasa ka bar tazarar tafin hannu ka yanke shi, abincin ya koma sama. Ka rufa wa kowane nono busasshen ganye kada rana ta ƙona shi. 'Yar gida doguwa ce, iskar farkon damina tana iya kayar da ita da kayanta, saboda haka ka nemi gwafa ka tokare kowace. Gajeriya ba ta cika buƙata ba, nan ta fi.

Na karanta wa ɗalibaina labarin fangalinka, ban faɗi sunanka ba, nawa na faɗa. Sun yi dariya har da buga tebur. Amma ranar jarrabawa ba wanda ya faɗi a tambayar ban ruwa.

Gwaggonka,
Turai

*

Damri, 27 ga Yuni

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Amira ta fara dariya, kowa ya ce goshinki ta ɗauko. Ruwa ya sauka, iska ta yi ƙarfi sau biyu, amma gwafa ta yi aikinta, guda ɗaya kawai ta faɗi.

Mun fara yanka. Bari in ba ki labarin gida huɗun yadda kika koya mini.

Gajeriya a sabon riƙo, ban taɓa ganin irin wannan ba. Jeri tara, wata goma, 'ya'yan dogaye masu kauri. Nono ɗaya sai da na sa kai na ɗauka. Gajeriya a tsohon riƙo kuwa abin kunya, biyu ba su ma fitar da kai ba, sauran 'ya'yansu kamar yatsu. 'Yar gida a tsohon riƙo ta ba da abin da muka saba gani, jeri huɗu, ƙanana. 'Yar gida a sabon riƙo jeri bakwai, har da mai takwas, kuma kowane ɗa ya cika ya yi ɓul-ɓul.

Don ɗoki, babban nonon gajeriya na fara kai wa Baba. Ya sa aka rataye shi a zaure, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa. Aka zauna jiran ta nuna. Kwana biyar, kore. Kwana bakwai, kore. Rana ta tara Ummulkhairi ta taɓa, ashe ta daɗe da yin laushi, har ta fara zubewa, bawon kuwa yana nan kore da ɗigo-ɗigon baƙi. A gaban baƙi aka sauke ta aka ba awaki. Baba ya ce: "Girma ba shi na ba. Kabewa ma babba ta."

Ranar Talata na kai kashi biyu kasuwar Mafara. 'Yar gida ta yi ɗorawa kamar kwaiduwar ƙwai, ƙamshinta yana kiran mutane, kafin azahar ba ko ɗaya. Gajeriya kuwa duk wanda ya zo sai ya ce ɗanya ce. Na yi ta ɓarewa ina ba su ɗanɗano. Wata tsohuwa ta ci ta ce: "Ɗan nan, ta nuna kam, amma zaƙin yana hanya." Rabi na dawo da shi.

Gwaggo, Baba ya zuba irin shinkafa. Na auna wurin da ido, ya fi abin da gonarsa za ta ci. Rarar daidai tsirina take. Bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Dashe saura kamar mako uku. Me na yi ba daidai ba wannan karon?

Ɗanki,
Sharhabilu

*

Lafiya, 3 ga Yuli

Ɗana Sharhabilu,

Wa alaikumus salam. Ka shafa mini kan Amira. Goshin kuwa gadon gidanmu ne, babanka ya fi ni, hula ce ke rufa masa asiri.

Ba ka yi komai ba daidai ba. Halin gajeriya ne. In zafi ya yi yawa lokacin da take nuna, cikinta yakan nuna bawon ya ƙi juyawa. Tana son wuri mai sanyi-sanyi kafin ta yi launi, zaurenku kuwa a watan Yuni tanda ne. Mu nan mutane sun saba, latsawa suke yi, ba launi suke kallo ba, har na daina ganin abin a matsayin aibu. Mutanen Mafara da ido suke saye, kuma suna da gaskiyarsu. Tsohuwar nan ma ta yi gaskiya, gajeriya ba ta kai 'yar gida zaƙi ba.

Sauran da ba ka yanka ba, ka haƙa rami a inuwa, ka shimfiɗa yashi mai laima, ka jera su a kan ganye ka rufe da tabarma. Sanyin randa muke nema. Zai taimaka, ko da bai kai yadda kake so ba. In wani ya ce ka sa hodar masu walda don ta yi launi, kada ka yarda, abin da za ka ba Amira shi za ka sayar wa 'ya'yan mutane. Nan gaba kuma sai mu daidaita dashenta yadda yankan zai faɗo cikin sanyi.

Amma ka sake karanta takardarka, ka ga abin da ka gano. Ni na aiko da baƙuwa ina ganin ita za ta fitar da kai kunya. Gonarka ta ce mini a'a. Baƙuwar tana da yawa in an yi mata hidima, in an yi sakaci ta fi kowa lalacewa. Ita kuwa ta gida, da ta samu fili da taki da ruwa daidai, sai ta ninka, ba ta rasa zaƙinta ba, ta jure lakarku, kasuwa kuma tana son ta. Wannan ba a littafina yake ba, kai ka koya mini, kuma zan koyar da shi.

Kuskurenka ɗaya, ka kai wa babanka abin da ya burge ka, ba abin da zai gane ba. Ka yanko nono biyu na 'yar gida, ɗaya daga tsohon riƙo, ɗaya daga sabo. Ka bari su nuna. Ka ajiye su gefe da gefe a kan tabarmarsa, ka gaishe shi ka fita. Kada ka yi bayani, kada ka roƙa. Abin da ya yanke bayan nan, ka karɓa da ladabi, uba ne. Ko garma ta bi ta kai, abin da ka sani yanzu ba ta iya tone shi.

Ina nan ina addu'a.

Gwaggonka,
Turai

*

Damri, 14 ga Yuli

Turai,

Salamu alaikum. Ni na, yayanki Sallau. Na sa ɗiyata Ummulkhairi ta riƙa mani biro, don idona ba shi ganin ƙananan baƙi. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da ɗiya duka. Ƙafa da sauƙi. Ruwa kau ina shiga, manomi ba shi noma daga tudu.

Yaron ga ya kawo mani ayaba biyu ya aje, ya fita bai ce uffan ba. Na san aikinki na, shi bai iya shiru haka ba.

Na duba. Guda awa wadda munka saba tun Inna tana da rai. Gudar kau na ɗauka wani iri na kika sake aikowa, sai da na ɓare na ci. Turai, ita ta. Ayabar Inna ta, wadda taka ɓoye muna cikin tukunya mu dawo makarantar allo mu iske. Ban ci ta biyu ba sai da na ɗan zauna. Sama da shekara arba'in tana kusurwar gona, ina wucewa kullum, ashe yunwa taka ji, mu kau muna cewa iyakar ƙoƙarinta ke nan.

Na tafi gonar da kaina na zagaya. Na ga lambatu, na ga gwafa, na ga inda anka sare da inda anka bari. Aikin mai hankali na. Wagga gajeriyar taki ban raina ta ba, wadda anka sa rami ta ɗan yi launi, na ci biyu. A bar layi guda a gani cikin sanyi. Amma gonar ta Inna ta.

Rarar irin shinkafa na ba Hamma maƙwabcinmu, nashi tsuntsu ya cinye. Tsirin ya zama na Sharhabilu, shi da ɗiyanshi. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ni kira liman da maƙwabta biyu mu tafi a dasa gamba bisa iyaka, a faɗa gaban shaidu, don kada wata rana wani ya ce aro na.

Ban gaya mashi ba tukuna. Ke na fara gaya ma, don ke kika wahala. Shi kau bari shi ƙara kwana huɗu shina kallon garmata, ni ma ya sa ni jira shekara guda. In kun yi waya kada ki furta.

Ki zo hutun ga. Akwai nono guda da na hana a taɓa.

Yayanki,
Sallau

Gwaggo, ni ce Ummulkhairi, ina gaishe ki. Baba ya manta matar wa ya ba biro. Ya sa na yi alkawari, kuma zan yi iya ƙoƙarina. Amma mutumin naki tun safe yake zaune a ƙofar ɗaki ya tasa furarsa a gaba bai sha ba, yau kuwa Litinin ce. Ki taya ni addu'a in kai Juma'a.